Ba a Tsakiyar Gulbi Jirgi Yake Kifewa Ba

Kawuna ya yi shekara talatin da wani abu yana fito a gulbin da ya raba ƙauyenmu da gonakinmu na fadama, a ƙasar Birnin Tsaba. Da rani gulbin yashi ne zalla, jakai na ratsawa, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa, mata na tona 'yan ramuka suna ɗibar ruwa da ƙoƙo. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba kuwa sai ya cika ya batse, ya yi ja wur, yana tafe da itatuwa da karan gero, wani lokaci har da mushen akuya. A waɗannan watanni duk mai zuwa gona ko kasuwa ko asibiti ko jana'iza a ƙetare sai ya biyo ta hannun Kawu. A iya sanina jirginsa bai taɓa cin rai ba. Na taɓa tambayarsa sirrin abin, ina tsammanin zai ambaci wani asiri na 'yan ruwa. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba tsakar gulbi jirgi ka kihewa ba. Bakin gaɓa shika kihewa."

Sai da na girma na fahimci abin da yake nufi. A bakin gaɓa ake yanke shawarar mutum nawa za su shiga. A nan ake ɗora babur da buhun taki a kan mutane. A nan ake ganin ko jirgin ya kwana a ɗaure wuri mai kyau, ko kuwa igiyar ruwa ta kwana tana buga shi da gaɓa har katakonsa ya buɗe. A nan mai fito yake cewa ya cika, a saurare shi ko a ture shi. Abin da ke faruwa a tsakiyar ruwa ƙarashen labari ne. Saboda haka duk hukumar da ke son rage mutuwar mutane a ruwa, a mashaya ya kamata ta fara aiki, kuma da mai fito ya kamata ta fara shawara. Abin da muke gani akasin haka ne: an bar mashaya yadda Allah Ya halicce ta, an mai da mai fito abin zargi, an kuma rubuta dokokin da ba za su taɓa iya aiki a inda muke ba.

Mu tuna waɗanda muka rasa. A watan Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse a Kogin Kwara kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar, jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari tsakanin Badau da Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke hanyar zuwa Maulidi. A Afrilun 2022 wasu 29 suka tafi a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari a Sakkwato. A ranar 14 ga Satumban 2024 abin ya shigo gida, jirgin manoma ya kife a Gummi da safe, aka ba da rahoton ruwa ya tafi da fiye da 40. A Agustan 2025 jirgin 'yan kasuwa mai mutum sama da 50 ya kife a hanyar kasuwar Goronyo. Kafin watan ya ƙare, a maƙwabciyarmu Birnin Magaji, mutanen da suka gudo daga harin 'yan bindiga suka cika jirgi ya nutse da su, aƙalla 13 suka rasu, aka shiga neman wasu da dama. Allah Ya jiƙansu.

Bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan, waƙa ɗaya muke ji: lodi ya yi yawa, babu rigar ceto, jirgin ya tsufa, matuƙi ya yi ganganci. Daga nan sai sanarwar hani. Bayan haɗarin Bagwai gwamnatin Kano ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan. A Satumban 2025 Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wato NIWA, ta sanar da haramta lodin fasinja a duk tashar da ba ta amince da ita ba, ta kuma ce a janye jiragen da ba su da lasisi daga ruwa. Ministan harkokin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su daina amfani da jiragen katako, su koma na zamani. Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta rigar ceto da rajistar jirgi, sun hana lodi fiye da ƙima, sun hana tafiyar dare.

A takarda babu wanda zai ƙi waɗannan. Amma a zo da takardar gulbin Gagare, wanda ya biyo ta Kaura Namoda ya nufi arewa, ko gulbin Bunsuru, wanda ya fito daga ƙasar Katsina ya ratsa ƙasar Zurmi kafin ruwansu ya haɗu ya zuba a Rima. A tsaya a bakin ruwa a karanta ta da ƙarfi. An ce kada a yi lodi sai a tashar da aka amince da ita. To, a nuna mana tashar. A lissafa mana mashayun da aka yi wa rajista tsakanin Kaura da Shinkafi da Zurmi, a faɗa mana wa ya gina su, wa ke tsaronsu. Idan babu, ma'anar sanarwar ita ce kowane manomi da ya ƙetare zuwa gonarsa da damina ya karya doka, kowane mai fito mai laifi ne tun kafin ya kwance igiyarsa. Dokar da ta mai da dukan gari masu laifi ba ta hana komai. Abin da take yi kawai shi ne ba wa duk mai ɗan iko sandar da zai tatsi talaka da ita ranar da ya ga dama.

Labarin Gummi ya isa misali. Bayan haɗarin, wani jami'in yankin ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa manoma fiye da 900 ne ke ƙetare ruwan kullum zuwa gonakinsu, jirage biyu kacal suke da su. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mu ƙaddara kowane jirgi mutum 20 yake ɗauka lafiya. Sahu 45 ke nan kafin kowa ya ƙetare, sama da sahu 22 ga kowane jirgi, da safe kawai, sannan a maimaita da yamma. Wanda ya jira sahun ƙarshe zai isa gona rana ta take. Wane manomi ne zai yarda, alhali ciyawa ba ta jiran kowa? A irin wannan hali lodi fiye da ƙima lissafi ne ya haifar da shi kafin son kuɗin mai jirgi. Wanda ya ga mutum 900 da jirgi biyu sannan ya ce matsalar ita ce halin matuƙi, ya bar jaki yana dukan taiki.

Akwai kuma tambayar da ba a son amsawa: gulbin nan na wane ne? Dokar da ta kafa NIWA a 1997, hukumar da hedikwatarta ke Lokoja, ta ba ta iko a kan hanyoyin ruwan da aka ayyana na tarayya ne, har da filin da ya kai mita 100 daga bakin ruwa. A ranar 5 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a doguwar shari'ar da aka yi tsakanin hukumar da gwamnatin Legas, ta tabbatar wa tarayya wannan iko. An yi shekaru ana wannan shari'a saboda ruwan Legas kuɗi ne: lasisin jirage, harajin tashoshi, izinin haƙar yashi, filayen bakin ruwa masu tsada. Babu gwamnatin da za ta je kotu saboda mashayar Kawu. Gulbin da ke bushewa wata takwas a shekara ba ya kawo kuɗin shiga, don haka ya zama maraya. Jiha na iya cewa ruwa na tarayya ne, tarayya na iya cewa wannan ƙaramin rafi ne na ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma ta ce ba ta da kuɗi. Ranar da jirgi ya kife ne kawai kowa ke tuna yana da iko, sai a yi ta rige-rigen zuwa ta'aziyya da buhunan shinkafa.

Na ga yadda wannan maraici yake da idona. Kawu yana ɗaure jirginsa a jikin wata giyayya, inda gaɓa ta kwanta, ruwa ba ya gudu sosai, tsohuwa ma za ta iya taka ƙafa ta shiga ba tare da an ɗaga ta ba. A nan mahaifinsa ya ɗaure nasa. Wata shekara gonar da ke kusa ta canja hannu. Sabon mai gona ya sare giyayyar, ya ja shingen ƙaya har bakin ruwa, ya ce iyakarsa ke nan. Kawu bai da takardar da ta ce mashaya ce, domin babu wanda ya taɓa rubuta mashaya a takarda. Dole ya koma ƙasa kaɗan, inda gaɓa take tsaye kamar bango, ruwa na cin ƙarƙashinta. A nan mutane ke dirowa cikin jirgi daga sama, jirgin na tangaɗi tun bai tashi ba. Bayan shekara biyu, da tsaro ya taɓarɓare, wasu masu iko suka zo suka ce kada jirgi ya sake kwana a bakin ruwa, wai ɓarayin daji na ƙetarewa da shi. Kafin a tara mazan da za su ja shi tudu, suka sa gatari suka fasa shi. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ba shi ko takarda ba, balle diyya. Tsoho ya tsaya yana kallon abincinsa yana zama itacen girki. Sauran daminar mutane suka koma ƙetarewa da gora da ninƙaya, mata masu ciki kuwa sai haƙuri.

Na san abin da za a ce, kuma ban raina shi ba. Za a ce ɓarayi na amfani da jirage. Gaskiya ne duk abin da talaka ke hawa ɓarawo ma na iya hawa. Amma mun riga mun gwada maganin hana kowa don a hana ɓarawo. A watan Satumban 2021 gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya, aka hana sayar da man fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Duk wanda ya zauna Shinkafi ko Zurmi a lokacin ya san wa ya fi shan wuya, kuma ya san ko matsalar ta ƙare. Mai bindiga idan ya rasa jirgi zai nemi mashigi, ko ya jira ruwa ya janye kwana biyu. Wanda ba ya iya jira shi ne mai naƙuda, da wanda maciji ya sara, da garin da aka kawo wa hari da tsakar dare ruwa na bayansa. Abin da ya faru a Birnin Magaji ya nuna cewa a yankinmu jirgi ƙofar gudu ce. Garin da ke da jirgi ɗaya, ranar gudu kowa cikinsa zai faɗa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Dokar hana tafiyar dare tana da ma'ana a Kogin Kwara, inda manyan jirage masu inji ke karo da kututture a duhu. A garin da dare ne lokacin hari, sai an rubuta ta da sanin haka, a kuma tabbatar akwai jirage isassu a ɗaure a gefen gari.

Za a kuma ce masu fito ba waliyyai ba ne. Wannan ma gaskiya ne. Akwai mai toshe ɓular jirgi da tsumma ya ci gaba da lodi. Akwai mai miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu gwangwala ya tafi shan shayi. Akwai wanda ranar kasuwa kuɗi ke rufe masa ido. Irin waɗannan a hukunta su. Sai dai hukunci yana zuwa ne tare da haƙƙi. Malamanmu sun daɗe da sanin haka. A Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da ake karantawa a zaurukan Kaura da Moriki, an yi bayanin hukuncin mai jirgi: ba a ɗora masa biyan abin da ruwa ya ci, kuma ba shi da ladan fito sai ya kai kaya inda aka yi alkawari. Masu sharhi suka bayyana cewa sassaucin yana ga wanda bai yi sakaci ba. Fiye da shekara dubu ke nan da aka auna wa mai jirgi abin da ke kansa da abin da ke nasa. Jihar da ta riga kowace jiha ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999 bai kamata a ce a cikinta ana fasa dukiyar mutum ba tare da alƙali ya saurare shi ba.

To, me ya kamata a yi? Abubuwan ba su da tsada, shi ya sa rashin yin su ya fi ciwo.

A fara da mashaya. Kowace ƙaramar hukuma, tare da hakimai da dagatai, ta zaga da rani ta rubuta duk wuraren da ake fito. A shata su a matsayin filin jama'a, kamar maƙabarta da filin idi da burtali, yadda mai gona ko mai ɗibar yashi ba zai cinye su ba. A kafa turakun kankare na ɗaure jirgi, ɗaya a inda ruwa ke tsayawa, ɗaya a tudu don ranar ambaliya. A gyara gangara yadda mutum zai taka ya shiga maimakon ya diro. Jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, ya tarar da tasha da dakali an gina masa. Jirgin ruwa, wanda ya riga shi da ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan, har yau saiwar itace yake nema.

Na biyu, a ja layi. A Ingila, bayan 'yan kasuwa sun daɗe suna cika jirage da kaya suna tura matuƙa ga halaka, wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya yi ta gwagwarmaya har dokar 1876 ta wajabta zana alama a jikin jirgi, wadda ke nuna iyakar nutsewarsa idan an yi lodi. Har gobe manyan jiragen teku na ɗauke da ita. Gwangwanin fenti ɗaya zai yi wa jiragen gunduma guda. Idan ruwa ya taɓa layi, lodi ya ƙare, kuma wanda bai yi boko ba ma yana gani. Amfanin layin shi ne yana cire gardama daga bakin mai fito. Ba shi ne ya hana Alhaji shiga ba, layi ne.

Na uku, a tsare wa mai fito haƙƙinsa na cewa ya cika. Wannan ne haƙƙin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi take wa. Talaka ne, masu shiga jirginsa kuwa akwai surukinsa, akwai mai unguwa, akwai mai bindiga a kafaɗa. Shi kaɗai ba zai iya ba. A tashar mota akwai 'yan kamasho da shugaban tasha, su ke ƙirga fasinja su ce mota ta tashi. Mashaya ma tana da nata tun asali: Sarkin Ruwa da Sarkin Jirgi sarautu ne da Hausawa suka sani. A dawo musu da aikinsu, a ba su ɗan alawus na watannin damina, a ajiye rigunan ceto a hannunsu a bakin ruwa, a kuma sanar a masallaci da kasuwa cewa wanda ya tilasta wa mai fito ƙarin lodi shi ne mai laifi. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rabon rigunan ceto 42,000 ga jihohi 12 a 2025. Rigar da aka raba a taro a babban birnin jiha ba ta ceton kowa sai an san sunan mutumin da zai miƙa ta ga fasinja a mashaya, ya karɓe ta a ƙetare.

Na huɗu, rajista ta zo inda mutane suke. A yi ta kyauta a fadar hakimi, a rubuta lamba a jikin jirgi da sunan mai shi. Wannan zai taimaki tsaro fiye da gatari, domin jirgin da ba shi da lamba nan da nan za a gane baƙo ne. Idan akwai dalilin hana jirgi kwana a ruwa, a sa masa sarƙa da kwaɗo a turken hukuma, mabuɗi ɗaya wurin mai shi, ɗaya wurin mai gari. Kada a ƙwace ko a fasa jirgin kowa sai da umarnin kotu. Mai fiton da aka ɗora wa bindiga a ka aka ce ya ƙetarar da ɓarayi, a saurare shi a matsayin wanda aka zalunta kafin a kira shi infoma.

Na biyar, a ƙara jirage kafin a yi maganar hana na katako. Wanda ya hana tsohon jirgi bai kawo sabo ba ya mai da mutane kan gora ne. A ba ƙungiyoyin masu fito rance ko tallafi, a ajiye jirgi ɗaya na ko-ta-kwana a kowace babbar mashaya. Inda ɗaruruwan mutane ke ƙetarewa kullum kuwa, amsar gaskiya gada ce, kuma 'yan majalisarmu sun san wuraren sarai, domin ta nan suke bi neman ƙuri'a idan ruwa ya janye.

Duk wannan aikin rani ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Nuwamba zuwa Mayu gulbi a bushe yake, mota na iya shiga har tsakiyarsa da siminti da tsakuwa. Shugabannin ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Kaura Namoda da Birnin Magaji ba sa buƙatar izinin Lokoja kafin su kafa turke ko su sayi fenti. Idan suka bari har Agusta ta zagayo, to kada su zo mana da shinkafar ta'aziyya suna cewa ƙaddara ce. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya ga mutum 900 da jirgi biyu ya juya baya, akwai tambayar da ke jiransa.

Kawu bai sake sassaƙa jirgi ba, ƙarfi ya ƙare, kuɗin katako ma ya fi ƙarfinsa. Yanzu wani yaro ne ke fito a wurin da jirgin haya. Da damina tsohon yakan dogara sanda ya je ya zauna a kan gaɓa yana ƙirga masu shiga da ido. Idan suka kai adadin da ya sani, sai ya ɗaga sandar ya ce, "Ya cika, ku dakata!" Wasu ranaku ana saurarensa don girmansa. Ranar kasuwa kuwa ba mai ko waiwayensa. Wannan kalma tasa ce ya kamata doka ta tsaya wa tun kafin ruwan bana ya sauko.